Wasiƙun Cikin Jini

A Valdivia ruwa bai ɗauke ba tun Talata.
Ximena ta rataye rigarta tana ɗiga,
ta ɗauko kwalba ta sha bakwai:
jinin Eleuterio Painemal, masunci,
wanda ya ce a yi sauri,
jirginsa na ɗaure a Niebla.

Injin ya wulwula jinin awa biyu.
Abin da ya kwanta a gindin kwalbar
ido ba ya ganinsa.

Ƙunshi ne, mitsi-mitsi, dubu kan dubu.
Kowace ƙwayar jiki tana ƙulla irinsu
ta saki a jini,
gaisuwar maƙwabta.
Amma ciwon dajin da ke hanjinsa
ya koyi ƙullin.
Ya yago 'yan layuka daga littafin gado,
ya naɗe a fatar gida,
ya aika.

Hanta ba ta tuhumi ɗan aike ba.
Ta ga hatimin gida, ta kwance.
Share wuri, in ji saƙon.
Jawo jijiya nan. Masu gadi su kwanta.
Baƙo yana tafe.
Da ɗan gari akan ci gari.

Ƙarfe tara haruffa suka hau allo.
Ximena ta karanta sau biyu,
shayinta ya huce.
Wasiƙar ba tata ba ce, tare ta ta yi a hanya,
baƙon kuwa bai taso ba tukuna.

Ta ɗaga waya.
A Niebla wani na kwarfe ruwa daga jirgi
da gwangwanin fenti,
bai ji ƙarar ba.