Ganyen Kan Kwalba

Kwana uku tari ya hana Nasiba barci.
Na sauka kemis a Tudun Wada,
aka miƙo mini kwalba mai hoton ganye,
kore shar, da yatsu biyar kamar tafin jariri.

Baba Barau ya karɓa, ya jawo fitila.
Shekara talatin ya yi a Samaru
yana manna busassun ganyaye a jikin takarda,
yana rubuta musu sunan Latin da tawada.
Ya ce, "Na san ta. Tana cikin durowa ta tara.
Wani Bature ne ya aiko ta a ambulan
tun ba a haife ki ba.
Sunanta a bakinsu, in kunnen Bahaushe ya ɗauka,
sai ya ji aibi."

Na ce, "Baba, aibi zan ɗura wa 'yata?"
Ya yi dariya har nasa tarin ya motsa.

"Ba ta da ƙashin tsayuwa," in ji shi,
"sai ta fid da 'yan saiwoyi a jikin kara,
ta dafe bango, ta dafe itace, ta yi sama.
Kada ki haɗa ta da kauci.
Ba ta tsotson wanda ya goya ta,
abincinta daga ƙasa take ɗebowa.
Ƙanƙara ta rufe garinsu, itatuwa su tuɓe,
ita tana nan da korenta.
In ta manyanta ta kai ga rana,
yatsun su ɓace, ganyen ya koma sumul,
sannan ta yi fure can ƙarshen kaka,
lokacin da ƙudan zuma ya rasa mazuwa.
'Ya'yanta baƙaƙe, rabon tsuntsu ne;
mutum ya ci, cikinsa zai ba shi labari.
Ruwanta kan sa fata ƙaiƙayi.
Amma a murza ganyen a ƙwarya, sai kumfa,
kamar garahunin kan dangarmu.
Abin da ke kumfar nan, in an yi shi da awo,
shi ke sassauta majina a ƙirji."

Na auna cokali ɗaya, yadda aka rubuta.
Nasiba ta yamutsa fuska, ta haɗiye,
ta lallaɓo ta kama wuyan rigarsa,
ta taka gwiwa, ta haye kafaɗa, ta manne.

Ya sassauta murya, kada ta farka.
"Ga ta nan," in ji shi,
"ba sai an buɗe durowa ta tara ba."