Gammon Cikin Wuya

Shekara sha tara ina dako a Kadro,
buhun aya, buhun wake,
ban san akwai wani gammo a cikin wuyana ba
sai ranar da ya yage.

Ba ƙara ya yi ba.
Wuta ce ta sauko ta kafaɗar hagu,
ta bi damtse, ta tsaya a babban yatsa.
Kofin shayin Hashimu ya suɓuce mini,
mutane suka yi dariya, ni ma na yi.
Da dare ban yi ba.

Wata biyu ina barci a zaune,
hannu ɗore bisa kai kamar mai rantsuwa.
In an kira ni daga baya
sai na juyo da jiki duka, kamar amalanke.

Likita ta ɗaga hoton a hasken taga.
Ta ce: tsakanin ƙashi da ƙashi akwai matashi,
naka ya fashe, cikinsa ya fito
ya danne jijiya.
Ga shi nan, bai kai ƙwayar aya ba.
Na ce, wannan ɗan abin?
Ni da na saba da kilo ɗari?

Ta ce a jira tukuna, a sha magani.
In ya ƙi, sai wuƙa, sai Yamai.
In ƙafa ta fara ja ko hannu ya mutu,
ko tsakar dare ne, a zo.

Tsahara ta kwashi adashinta ta ƙulle a tsumma.
Muka sayar da akuya mai ciki.
Na zauna ƙofar gida a Bagalam
ina ƙirga kabu-kabu,
ina koyon yadda ake zama ba a ɗauke da kome.
Wannan ya fi ciwon wuya.

Damina ta zo, gulbi ya cika, ya haye gonaki.
Ya janye.
Ban san ranar da abin ya fara saki ba.
Wata asuba dai na yi sallama dama,
na yi hagu,
sai bayan na shafa addu'a na lura
wuyan ne ya juya, shi kaɗai.

Hoto na biyu, wata tara bayan na fari.
Ta jera su, ta cire tabarau, ta mayar.
Wurin fes, kamar an share tsakar gida.
Na ce, ina ya tafi?
Ta ce jiki ya kan cinye abin da ya zube masa,
kaɗan-kaɗan, yadda tururuwa ke kwashe tsaki.
Ba kowa ke dacewa ba, in ji ta.

Yanzu kowa na da hannu a ciki.
Wanzami Ɗan Jimma ya ce ƙahonsa ne.
Surukata ta ce man shanunta da kanwa.
Ban musa wa kowa ba.
Ni dai na san akwai ma'aikata a cikina
da suka yi wata tara suna dako a duhu,
ba wanda ya biya su ko dala.

Kuɗin wuƙa mun sayi baro da su.
Akuyar tana Tibiri, an ce ta haifi biyu.
Kan babban yatsan har yau bai gama farkawa ba.
Nakan taɓa shi da safe,
in ce masa: ba gaggawa.