Wasiƙun Kofur Mati

A ƙasan adakar Kaka Ladingo,
bayan an watse daga sadakar bakwai,
na ci karo da gwangwanin taba mai tsatsa,
wasiƙu tara a ciki, ɗaure da zaren saƙa.

Ajami ne, tawadar ta koɗe kamar tsohon shuni.

"Daga wurin da aka hana mu faɗa.
Wata guda da ɗoriya muna bisa ruwa,
ruwan da ba ya shayuwa, ba shi da gaɓa.
A nan sama ba ta gajiya da zuba,
matsattsaku sun fi harsashi son jininmu.
Ki ce wa Ɗan'iya marini ina sane da sulensa uku.
Akuyar nan ta haihu?"

Ta bakwai gajeriya ce:
"Barau na Yakasai ya riga mu.
Ni na haƙa, da kwanon abincina.
Wani Ba'indiye ya ce a nan alƙibla yamma take,
na bi maganarsa, zuciyata na gardama.
Kada uwarsa ta ji wannan."

Ni dai tsoho na sani, mai gadi a Bompai,
mai goro a kunci, mai gyara mana keke,
wanda in hadari ya taso yakan shige ɗaki ya ja ƙyaure.
Bai taɓa cewa Bama ba a gabana.

Jiya na zaga lungunan Yakasai ina cigiya.
Wani tsohon tela ya tsai da kekensa,
ya dube ni ta saman tabarau:
"Wane Barau?"