Sakin Layi na Tara

A Kibdo ta Kolombiya ruwan sama ba ya hutu,
ni ma alƙalamina bai huta ba.
Kujera goma sha ɗaya, tuta shida,
ni ce mai rubuta abin da aka faɗa.

Wata huɗu muna kan kalma guda:
a ce "miƙa makamai" ko "ajiyewa"?
Baudiliyo na manoman koko ya ce
miƙawa ta wanda aka ci da yaƙi ce.
Kanar ya ƙwanƙwasa tebur da zobe.

Ran Laraba, kofi bai huce ba,
aka shigo da 'yar takarda a ninke:
an buɗe wa kwalekwale wuta a kogin Atrato,
mutum bakwai, har da malamar makaranta.

Nohemi ta masunta ta miƙe. Ƙanwarta ce.
Kujeru suka yi ƙara, kowa na nuna kowa,
jakunkuna suka hau kafaɗa.
Na rufe littafi, na ce a raina
an yi ɓarin da ba ya kwasuwa.

Ta kai ƙofa, ta dafa ƙyaure,
ta daɗe tana kallon ruwan.
Sai ta juyo, murya a dushe:
"Jana'iza sai jibi.
Waɗanda suka harba so suke mu tashi.
Edilma, karanto inda muka tsaya."

Hannuna na rawa na nemo shafin.
Kanar ya zare zobensa ya sa aljihu.
Na fara sakin layi na tara,
ban ɗago kai ba,
don kada in ga wanda bai zauna ba.