Ƙanzon Tukunyar Kaka

A Taiping ruwan sama ba ya sallama.
Yakan gangaro daga kan duwatsu da yamma
kamar mai bin bashi da ya san ƙofar gida.

Na sauko da tukunyar ƙasar daga saman kabad,
gindinta baƙi ƙirin, tsagarta ɗaure da waya.
Ta girme ni, ta girmi auren iyayena.
Kaka Poh Choo ce ta bar mana ita,
tare da tsohuwar takardar kuɗin lantarki
da ta yi rubutu a bayanta:
ƙashin kaza, ƙananan busassun kifi, citta,
gishiri "daidai yadda ya kamata."
Babu cokali, babu awo, babu minti.
Wanda ya sani ya sani.

Sau uku ina gwadawa.
Sau uku Baba yana kurɓa, ya ajiye cokali a hankali,
ya ce, "Siew Yin, ya yi daɗi,"
irin daɗin da ake faɗa don kada ran mutum ya ɓaci.
Tun da aka sallamo shi daga asibiti
abinci ya zame masa magani,
yana haɗiya yana runtse ido.

Yau na sake ɗaura niyya.
Na fifita gawayi har ya yi ja.
Tafarnuwa ta shiga mai, ta yi tsuwa,
na cire wa kifin kawuna ɗaya bayan ɗaya
don kada romo ya yi ɗaci.
Ƙashi ya dahu ya saki abin da ya ɓoye.
Naman kaza da ya kwana a ruwa ya kumbura,
jatan lande ya lanƙwashe ya yi jajir,
na tsiyaya baƙin ruwan waken soya, na ɗiga man riɗi,
sannan na kwantar da dunƙulen soyayyiyar taliya
kamar sheƙar tsuntsu a tsakiyar tafki.

Sai ga yayyafi a kan rufin kwano,
kafin in ɗaga kai ya zama ruwa kamar da bakin ƙwarya.
Shanya!
Na fita a guje. Zanin gado ya naɗe ni,
maƙwabciyarmu Letchumi tana kwashe nata ta bayan shinge,
tana ba ni labarin ɗanta da ya ƙi dawowa daga Singafo,
da farashin kwakwa, da ciwon gwiwarta.
Na tsaya. Na manta.

Ƙauri ne ya kira ni.

Romo ya janye, taliyar ƙasa ta kama gindin tukunya.
Na tsaya da jiƙaƙƙen gashi ina kallon asarata.
Na ƙara romo, na watsa ganye,
na fasa ƙwai a kai don ya rufa mini asiri,
na kai teburi tana tafasa, ban ce uffan ba.

Baba ya ɗauki tsinkensa biyu.
Ya wuce ƙwan, ya wuce jatan landen,
ya tona har ƙasa, ya kankaro ƙanzo.
Ya tauna. Ya daɗe yana taunawa.
Sai kafaɗunsa suka fara rawa,
na ɗauka tari ne, ashe dariya ce.

"Kakarki," in ji shi, "ba ta taɓa gadin tukunya ba.
Kullum tana bakin shingen nan da uwar Letchumi,
sai ƙauri ya koro ta tana zagin gawayi.
Shekara arba'in muna cin mantuwarta."

Ya miƙo kwano a ƙara.

Da dare na wanke tukunyar da ruwan ɗumi, ban sa sabulu ba.
Na jawo takardar lantarkin,
ƙarƙashin rubutunta da ya fara dushewa
na ƙara layi guda da biro:
in ta tafasa, fita ki gaida Letchumi.

Har yanzu ana ruwa.
Zanin gadon yana rataye a kan kujera, yana ɗiga.