Ƙurji Na Uku

Ranar da aka zo ɗaukar tsoho Thackray
bai ce in duba masa gida ba.
Keji ya miƙo ta kan katangar da ta raba mu,
ya ce sunansa Biskit, ba ya son hayaniya.
Na karɓa hannu bibbiyu.
Ban faɗa masa ba, a Dandume, muna yara,
da gora da karnuka muke gaida irinsu.

Wata huɗu lafiya lau.
Sai ya fara sunsunar karas yana juya baya,
haɓa a jiƙe kamar yaro mai haƙori.
Na shafa muƙamuƙin hagu,
na ji abu ƙarƙashin gashi, kamar ɗan kanya.

Likita Ferriby, can titin Holderness,
ta ɗaga hoton ƙashin ga fitila.
Ta ce haƙoran zomo ba sa gama tsiro;
in ciyawa ba ta ci su ba, su ne za su ci shi.
Turamen sun yi ƙaho suna yankar harshe,
saiwar ta juya baya tana haƙa ƙashi.
Mugunyarsu kuma ba ta gudu irin tamu,
daskarewa take, kamar man shanu a randa,
sai an sa cokali an kwarfe.

Fam ɗari huɗu da tamanin.
Na fara juya shi zuwa naira a cikin bas,
kafin gadar kogin Hull na haƙura.

Ƙanena Ɗanlami ya yi dariya a waya
har tari ya sarƙe shi:
Yaya, yaji ai ya fi allura araha.
Na yi dariyar nima.
Da na ajiye wayar, na dafa ruwan wanke ciwo.

Shida na safe nake dawowa daga kamfanin kifi,
ƙarni bai bar hannuna ba,
in naɗe shi a tawul kamar ƙunshin goro,
in wanke ramin, in cika shi da zuma,
in ɗura masa kunun ciyawa da sirinji,
ɗigo, jira, ɗigo.
Sannan in durƙusa ina ƙirga kashinsa
kamar mai ƙirga canji.
Goma sha tara. Jiya bakwai ne.

An ce zomo ba ya fushi da makashinsa
sai maratayinsa.
Wannan ban san inda ya ajiye ni ba.
Kallona yake da ido ɗaya, na gefe,
ba kuka, ba ƙorafi,
sai cizon haƙora can ƙasa-ƙasa
wanda sai ka kashe firji za ka ji.

Ni ma akwai turmi guda a dama
da ke tashina tsakar barci.
Sunana na layi tun bara.
Kanumfari nake danna masa.

Ya warke a Oktoba.
Ya dawo a Nuwamba, ɗan gaba kaɗan.
Aka cire haƙora biyu, ya warke.
Daren jiya yatsana ya sake cin karo da shi,
ƙarami, mai tauri, kusa da ido,
kamar mai bin bashi da ya gane sabon gida.

Lahadi na je gidan tsofaffi.
Thackray ya manta sunana,
ya kira ni da sunan wani da ya mutu a teku.
Amma da na tashi tafiya ya riƙe min riga:
Yana ci?

Na ce yana ci.

Na dawo, ruwa na dukan taga.
Ban kunna fitila ba.
Na tsinko reshen faski guda, na ajiye,
na zauna a ƙasa, bayana ga hita,
hannu a kunci.

An daɗe.

Sai na ji shi:
ƙus,
ƙus,
ta gefe ɗaya.