Babban Yatsa

Tun asuba na baro Gangare,
ruwan Agusta na bin wuyan rigata,
fayil a hammata, cikin ledar burodi.
Lambata ɗari da sha huɗu.

A bencin sakateriya na tarar da Dalyop,
tare muka tsufa a maɗaba'ar gwamnati.
Ya ce, "Ilu, kana nan?"
Na ce, "Abin da na zo in tabbatar musu ke nan."

Yarinyar bayan tebur ta yi jika da ni.
Ta jero sharuɗɗa kamar mai jan carbi:
takardar ɗaukar aiki, ta asali,
ta ƙarin girma, ta ajiye aiki,
sai shaidar haihuwa.
'Yar nan, ba a rubuta ranar ba.
Inna dai ta ce da damina ne, ana nome gero.
Wani akawu ya dubi fuskata ya yanka mini shekara,
wani ya zo ya rage biyu,
yau ni ake tuhuma da saɓaninsu.

"Baba, ɗora babban yatsan dama."

Na miƙa mata hannun.
Ta duba, ta sunkuyar da kai.
Injin yankan takarda ya karɓe shi tuntuni,
wata Laraba, muna gaggawar buga
fom irin wannan da ke gabanta.

Ta ce akwai diyyar nakasa,
in da rahoton likitan da ya ɗinke wurin.
Likitan ya riga mu gidan gaskiya,
rahoton kuwa gara ta yi kalaci da shi.
Ashe dungu ba shaida ba ne
sai an buga masa hatimi.

Katin asibiti fa?
Ya yi ritaya ranar da na yi.
Hawan jinin ne bai samu sanarwa ba.

Muka gwada na hagu.
Shekara talatin da biyar na tawada da kananzir
sun shafe zanensa sumul.
Na'ura ta yi ja. Ta goge, na hura, ta sake ja.
"Ku dawo wata mai kamawa, Baba."
Muryarta ta yi laushi; ba ita ta kafa dokar ba.

A bakin ƙofa Dalyop ya saya mana shayi.
Nasa yatsan ya shiga, sunansa ne ya ɓace.
Na riƙe kofi da yatsu huɗu,
zafinsa na ratsa tafina
kamar yadda yake ratsa na masu rai.